Gidan da aka saya da rani, damina ta tona asirinsa: wa zai ɗauki asarar?

Dillalan gidaje sun san lokacin da kasuwarsu ta fi armashi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasa a bushe take, kwata ba ta ambaliya, katanga ba ta gumi, kowane lungu mota tana shiga. A lokacin ne ake kai mai saye ya ga gida ya sha sabon fenti da sabon silin. Ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama. A kira mai unguwa da shaidu a rubuta takarda, dillali ya karɓi la'adarsa, a shafa fatiha a watse. Sai ruwan Agusta ya sauko sannan sabon maigida zai gane a kan tsohon kududdufi aka yi ginin, wanda aka cike da shara aka bi da jar ƙasa. Tsakar gida ta koma tafki, tsagar da aka toshe da filasta ta sake buɗe baki, maƙwabta kuma su ce ai kowa a unguwar ya sani, abin da ya tashi mai gidan ke nan.

Idan aka je wa wanda ya sayar, amsarsa ba ta wuce guda: "Ai da idonka ka gani ka saya." Ko wannan magana za ta fisshe shi ko ba za ta fisshe shi ba, ya danganta da ƙofar kotun da aka shiga, domin a Arewacin Najeriya dokoki biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a kan ciniki guda, kuma a wannan gaɓar hannun riga suka yi.

Dokar da muka gada daga Ingila ta ɗora nauyin a wuyan mai saye. Lauyoyi na kiran ƙa'idar da sunanta na Latin, caveat emptor, wato mai saye ya buɗe idonsa. A ƙarƙashinta ba dole ba ne mai gida ya faɗa maka rufi na yoyo, ko gara ta cinye katakon rufi, ko ruwa na kwanciya a ƙofar gida. Idan ba ka tambaya ba, shi kuma ya ja bakinsa ya tsuke, shirun nan kaɗai bai zama laifi ba. Ana ganin kai ne ya kamata ka zo da magini ko injiniya ya duba kafin ka zaro kuɗi. Wannan tunani ya shigo mana ne ta hanyar dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairun 1900, waɗanda aka ɗauko aka dasa a nan, har da dokar 1881 ta miƙa mallakar ƙasa da lauyoyi ke aiki da ita a jihohin Arewa da dama har yau, alhali su Turawan sun daɗe da sauya tasu.

Amma shirun yana da iyaka, kuma a nan ne masu saye da yawa ke barin haƙƙinsu saboda rashin sani. Yin shiru daban, yin ƙarya daban. Idan ka tambaya ko ruwa na shiga gidan, mai shi ya ce ko ɗigo, kuma a kan wannan magana ka biya, to ya yaudare ka, kana da damar neman a warware cinikin a mayar maka da kuɗinka, har ka nemi diyya idan ka tabbatar yana sane ya faɗi ƙaryar. Haka wanda ya ɗauko filasta da fenti ya rufe tsagar da ya san tana barazana ga gini don kada a gani. Wannan bai yi shiru ba, hannunsa ya yi ƙaryar da bakinsa bai yi ba, kuma doka tana ɗaukar hakan zamba. Matsalar ita ce hujja. Hirar da aka yi a zaure, daga kai sai shi sai dillalin da ke jiran la'ada, da wuya ta tsaya a gaban alƙali bayan shekara biyu.

Inda dokar boko ta matsa wa mai sayarwa da gaske shi ne aibin mallaka. Idan gidan yana jingine a banki, ko akwai wanda aka ba haya ta shekaru, ko wani na da haƙƙin bi ta cikin filin, ko ana shari'a a kansa, kuma abu ne da mai saye ba zai gane ba ta hanyar zagaya gidan da ido, wajibi ne mai sayarwa ya faɗa ko ba a tambaye shi ba. Idan ya ɓoye aka gano kafin a kammala, mai saye na iya janyewa ya karɓi kafin alƙalaminsa. Idan kuma yana son gidan duk da haka, yana iya roƙon kotu ta tilasta a cika cinikin tare da rage masa kuɗi gwargwadon naƙasun. Bayan an sa hannu a takardar miƙa mallaka kuwa ƙofa ta ƙuntata. Abin da ya rage masa shi ne ya tabbatar da zamba, ko ya kama mai sayarwa da alƙawuran da sashe na 7 na waccan doka ta 1881 ke ɗora wa duk wanda ya rubuta cewa ya sayar a matsayin mai cikakkiyar mallaka: cewa yana da ikon sayarwa, cewa ba wanda zai zo ta hanyarsa ya dami mai saye, cewa babu wani nauyi a kan kadarar, kuma zai sa hannu a duk takardar da ake buƙata nan gaba don tabbatar da mallakar. Takardar da aka rubuta a ƙofar gidan mai unguwa a fallen littafin makaranta ba ta ɗauke da wannan lafazi.

Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalanmu suka yi ƙarnoni suna hukunci da shi, ya juya al'amarin gaba ɗaya. A nan mai sayarwa ne ke da nauyin magana. Asalin abin sananne ne: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannu ya ji danshi a ciki, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Muslim ne ya ruwaito daga Abu Huraira. A hadisin Hakim ɗan Hizam da ke cikin Buhari da Muslim kuma an ce idan masu ciniki suka yi gaskiya suka bayyana, a sa musu albarka, idan suka ɓoye suka yi ƙarya a shafe albarkar cinikinsu. Mutane kan ji waɗannan a wa'azi su ɗauka magana ce ta tsakanin bawa da Ubangijinsa kawai. Malaman fiƙihu kuwa sun mayar da su hukunci mai haƙora.

Mukhtasar na Shehu Khalil ya ce wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kuma kada ya dunƙule magana. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya rushe dabarar da aka fi yi a kasuwarmu, inda mai gida zai ce, "Na sayar maka da shi yadda ka gan shi, tsohon gini ne, komai ma na iya lalacewa." Jimla irin wannan ba ta wanke wanda ya san takamaiman abin da ke damun gidansa. Sai ya kama hannunka ya nuna maka katangar, ya ce ga inda take jiƙa, ga kuma iyakar inda ruwa ke kaiwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka ware gida da fili daga sauran kaya. Idan riga ce ko dabba, aibin da ke rage daraja ya isa a mayar. Gida kuwa ba a rasa shi da ɗan abin gyara, kuma tashin iyali daga muhalli ba wasa ba ne, don haka suka kasa aibinsa uku. Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa a Andalus wanda ya rasu a 1426, ya tsara su a waƙe cikin Tuhfatul Hukkam da ake karantawa a zaurukanmu. Aibin da bai taɓa farashi ba, babu komai a kansa. Wanda ya rage wani abu daga kuɗin, kamar tsagar katangar da ba a tsoron ta rushe gidan, ba a mayar da gida saboda shi, amma mai saye zai karɓi ƙimar aibin daga mai sayarwa. Wanda ya kai sulusin kuɗin ko ya haura, a nan mai saye yana da ikon mayarwa. Misali, gidan da aka saya naira miliyan 30, masana suka ƙiyasta cewa da an san aibin zai faɗi da miliyan 4, to gida ya zauna a hannun mai saye a mayar masa da gwargwadon wannan naƙasu. Idan faɗuwar ta kai miliyan 10, yana iya cewa ga gidanku, ku ba ni kuɗina.

Khalil ya ƙara da aibin da ke yanke wani amfani na gidan, ya kawo misalin rijiyar da ruwanta ke da zartsi a unguwar da rijiyoyinta ke da daɗi. Masu sharhinsa suka lissafo rashin masai, da mugun maƙwabci, da yawan tururuwa da kuɗin cizo, har da gidan da ya yi suna da aljannu. Mai Tuhfa ma ya ware wa kuɗin cizo baiti guda, ya ce aibi ne daga aibobin gidaje da ke wajabta mayarwa. Wanda zai yi wa batun aljannun dariya ya sani cewa a 1991 wata kotun ɗaukaka ƙara a jihar New York ta Amurka ta ba wani mai saye damar neman warware cinikin gida a garin Nyack, saboda mai gidan ta daɗe tana yayata wa jaridu cewa akwai fatalwa a ciki, amma ba ta faɗa masa ba. Alƙalan ba su tsaya binciken ko fatalwar na nan ba. Abin da suka duba shi ne sunan da gidan ya yi ya taɓa darajarsa, kuma baƙo ba shi da hanyar sani.

Sai dai wannan dama tana da saurin kuɓucewa. Dole aibin ya kasance ya girmi cinikin, kuma mai saye bai san da shi ba lokacin da ya saya. Idan aka yi gardama a kan tsufansa, masana sana'ar ake kira, magina ke nan a batun gini, idan ba a samu tabbaci ba maganar mai sayarwa ake bi da rantsuwa. Babban abin da ke kayar da mutane shi ne kunya da jan ƙafa. Wanda ya ga aibi ya yi shiru ba tare da uzuri ba, ko ya ci gaba da abin da ke nuna ya yarda, kamar ya ƙara ɗaki ko ya sa gidan a kasuwa, ya zubar da haƙƙinsa na mayarwa. Shirun da malaman suka yi wa rangwame na kwana ɗaya ne ko makamancinsa, shi ma da rantsuwa. Mu kuwa mun saba da "bari damina ta wuce mu gani", da "surukin wane ne, kada a ji mu". Zama a cikin gidan yayin da ake shari'a bai zama yarda ba, kuma idan an warware cinikin ba za a bi mai saye kuɗin hayar zaman da ya yi ba, saboda ƙa'idar hadisin Nana A'isha cewa amfanin abu na wanda asararsa ke wuyansa ne.

Ko dillali ba su manta da shi ba. Idan aka mayar da kaya saboda aibin da mai sayarwa bai sani ba, dillali zai mayar da la'adar da ya karɓa a hannunsa. Idan kuwa mai sayarwa ne ya yi ha'inci, dillali bai sani ba, la'adarsa ta zauna, tunda ya yi aikinsa. Dillalin da aka haɗa baki da shi ba ya cikin wannan rangwame. Na kawo wannan ne don a mafi yawan cinikin gidaje a garuruwanmu dillali ya fi kowa sanin tarihin gida, ya san sau nawa aka taya aka fasa da dalilin fasawar, kuma shi ne wanda ba zai ci ko sisi ba idan gaskiya ta kashe cinikin.

Rigimar da ta fi yawa a kotunanmu ma ba ta yoyon rufi ba ce, ta mallaka ce: fili ɗaya an sayar wa mutum uku, ko babban wa ya sayar da gidan gado kafin a raba, ƙannensa mata suna gidajen aurensu ba su sani ba. Duka dokokin biyu sun yarda mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba, kuma mai saye zai koma kan wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. Inda suka rabu shi ne ginin da ya riga ya yi. A dokar boko duk abin da aka kafa a ƙasa ya bi ƙasar, don haka wanda ya gina bene a filin da ya tabbata na wani ne yana iya tashi hannu rabbana, sai fa idan mai filin yana gani ya ƙyale shi ya yi ta zuba kuɗi. Risalar Ibn Abi Zaid kuwa ta bambanta wanda ya saya da kyakkyawar niyya da wanda ya ƙwace. Mai filin zai biya mai saye ƙimar gininsa a tsaye. Idan ya ƙi, mai ginin ya biya shi ƙimar filin ba tare da ginin ba. Idan shi ma ya ƙi, su zama abokan tarayya, kowa da gwargwadon nasa. Akwai kuma shufu'a: wanda ya sayi kason ɗaya daga magada a gidan da ba a raba ba, sauran suna da ikon biyansa kuɗinsa su karɓe, kuma wanda yake gari yana sane yana da kimanin shekara guda kafin haƙƙin ya faɗi. Mai sayarwar da bai ambaci 'yan'uwansa ba ya ɓoye abin da ya fi tsagar katanga haɗari.

A saman duk wannan akwai gwamna. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo aka kuma cusa ta cikin kundin tsarin mulki, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Abin da mutum ke saye haƙƙin zama ne. Sashe na 22 ya ce mai takardar gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 ya ce abin da aka yi saɓanin haka banza ne, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da tsananin wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Neman amincewar a doka aikin mai sayarwa ne, amma a aikace da zarar ya ƙirga kuɗinsa sai ya bar mai saye da zaryar ma'aikatar ƙasa. Mai sayarwa da ya san filinsa awon igiya ne a kan hanyar da aka tsara, ko a ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko a burtali, ko hukumar tsara birni ta taɓa shafa masa jan fenti ya goge, ya san abin da ke jiran wanda zai saya a hannunsa. Rusau ɗin da aka yi a Kano a Yunin 2023, a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, ya nuna cewa ko masu riƙe da takardun da wata gwamnati ta bayar ba su tsira daga wadda ta gaje ta ba, balle mai takardar mai unguwa. Binciken fayil a hukumar ajiye bayanan filaye, wato KANGIS a Kano ko AGIS a Abuja, zai nuna sunan da ke kan fili da jinginar da aka yi wa rajista. Ba zai nuna kududdufi ba, ba zai nuna ƙanwar da ba a ba ta gadonta ba.

To wace doka ce za ta hau kan cinikinka? Dokokin manyan kotunan Arewa sun ba da damar a yi aiki da shari'ar Musulunci tsakanin waɗanda ta shafa, sai idan sun nuna a yarjejeniyarsu cewa dokar boko suka zaɓa, ko yanayin cinikin ya nuna haka. Ke nan Musulmi biyu da suka yi ciniki gaban shaidu a al'adance suna kusa da hukuncin Khalil, waɗanda suka je lauya ya tsara musu takarda da Turanci kuma sun matsa kusa da dokar 1881, sau da yawa ba tare da ɗayansu ya san ya yi zaɓi ba. Ga kuma batun hurumi. Sashe na 39 na dokar 1978 ya keɓe wa Babbar Kotun jiha shari'ar filin da ke da takardar gwamna, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a kuma sashe na 277 na tsarin mulki ya taƙaita ta ga aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da makamantansu. An sha ganin mutum ya yi nasara a ƙasa, bayan shekaru a rushe komai a sama don an bi ta kotun da ba ta da hurumi. Masu gudun wannan doguwar hanya su garzaya wurin 'yan sanda. Idan akwai zamba ta gaske, kamar sayar da fili ɗaya sau biyu, laifi ne a ƙarƙashin sashe na 320 na kundin Penal Code. Amma saɓanin ciniki zalla ba aikinsu ba ne, dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum a kansa.

A ganina hukuncin fiƙihu ya fi dacewa da yadda muke ciniki, domin mai gidan da ya yi damina goma a ciki ya san abin da injiniya ba zai gano a zagayen awa guda da rani ba. Ba mu kaɗai muke da wannan tunani ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna ƙarƙashin kundin da Nijar ta gada daga Faransa, wanda sashensa na 1641 ya ɗora wa mai sayarwa lamunin ɓoyayyen aibi, na 1644 kuma ya ba mai saye zaɓi tsakanin mayar da kaya da karɓar ragin kuɗi, kusan abin da Ibn Asim ya waƙe. Amurkawa da suka gaji ƙa'idar Ingila irin tamu sun yi ta ja da baya daga gare ta: tun 1987 jihar Kalifoniya ta wajabta wa mai sayar da gida cike takardar da zai lissafa aibobin da ya sani ya sa hannu.

Ba sai an jira majalisar jiha ba kafin a ɗauki wannan. Takardar cinikin da ake rubutawa a zauren mai unguwa, wadda yanzu ba ta wuce sunaye da iyakoki huɗu da kuɗi, tana iya ɗaukar ƙarin layuka da mai sayarwa zai amsa da bakinsa gaban shaidu: ta yaya gidan ya zo hannunsa, akwai magajin da bai sa hannu ba, yana jingine, hukuma ta taɓa yi masa alama, ruwa na shiga da damina, an taɓa gyaran tsaga kuma a wace katanga. A rubuta amsoshin, a rubuta dokar da aka yarda ta yi hukunci idan an saɓa, a riƙe wani kaso na kuɗin a hannun amintacce har ruwan Agusta ya wuce. Mai sayarwar da ya ce wannan rashin yarda ne, a nuna masa ayar bashi a ƙarshen Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, inda aka umarci muminai su rubuta bashi kuma su kafa shaidu idan sun yi ciniki. Idan bayan haka ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce a bar cinikin, sai mai saye ya zagaya bayan gidan shi kaɗai, ya tambayi mai shagon da ke kusurwa inda ruwa ya tsaya bara.